Na yi kuka kuma na ji haushi: ni ce da matsala ko labarin?

Tambaya:

Malama, barka da aiki. Ga wani littafin soyayya nan na turo miki, makon jiya na gama shi, kuma na rasa yadda zan yi da abin da ya bar min a rai. Yarinya ce 'yar shekara 17 da saurayinta na farko. Babi 22 ana shan soyayya, a na 23 ya rasu a hatsarin mota. Ta yi babi biyar tana kuka, a na 29 ta haɗu da wani, a na 30 ta ƙona wasiƙun marigayin ta ce ta sake shi, aka yi aure. Na yi kuka har idona ya kumbura, amma da na rufe littafin haushi ne ya cika ni, kamar an cuce ni. Ƙawayena duk yabonsa suke. Ni ce ban iya karatu ba, ko labarin ne da matsala? Sannan ina da ƙawa wadda wanda za ta aura ya rasu bara, ina tunanin ba ta littafin ko zai sanyaya mata zuciya.

Amsa:

Ƙanwata, littafin ya iso, na kuma karanta shi daga bango zuwa bango. Kin iya karatu. Na daɗe ina aikin tace ƙagaggun labarai kafin a kai su ɗab'i, ina kuma zama da masu koyon rubutu, kuma mai karatun da na fi so in haɗu da shi irinki ne, wanda zai ce labari ya taɓa shi amma akwai wurin da ya tsaya masa a wuya. Wanda ya ce "ya yi daɗi" ya wuce bai bar min abin kamawa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sai dai haushin nan naki ta hanya biyu ya shigo. Mafi yawansa marubuciyar ce ta jawo, amma akwai ɗan kason da yake naki. Zan zo kansa daga baya, ki yi haƙuri da ni idan na zo.

Ki fara sauke wa kanki nauyin cewa dole ɗaya ne gaskiya, kukan ko haushin. Zuciya tana ɗaukar biyu a lokaci guda. A wani nazari da aka fitar a 2001, wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Jeff Larsen da Peter McGraw da John Cacioppo, suka tambayi masu shiga da masu fita daga kallon wani fim na ƙasar Italiya mai haɗe da ban dariya da ban tausayi, yadda suke ji. Cikin masu shiga kaɗan ne suka ce suna jin farin ciki da baƙin ciki tare. Masu fitowa kuwa kusan rabinsu haka suka ce. Wato labari mai kyau ma yakan bar mutum a tsakiya. Amma akwai nauyin da labari yake bari don ya faɗi gaskiya mai ɗaci, akwai kuma ƙaiƙayin da yake bari don ya yi coge a wani wuri. Kalmar da kika zaɓa, "an cuce ni", ta na biyun ce. Mutum ba ya cewa an cuce shi don an sa shi kuka. Yana faɗin haka ne idan ya ba da amana aka yi masa wasa da ita.

Kafin in kama laifin marubuciyar bari in ba ta haƙƙinta. Rabin farko na littafin an yi shi da hannu mai kyau. Ta gane cewa soyayyar farko a ƙananan abubuwa take zaune: yadda yarinyar ta haddace lambar wayarsa ba da niyya ba, yadda take gane tafiyarsa daga nesa cikin taro, nauyin bakin da ya hana ta kiran sunansa har babi na 9. Ƙarfin soyayyar farko yawanci ba daga wanda ake so yake fitowa ba. Daga rashin abin kwatance yake. Mai shiga bai taɓa fita ba, bai ma san ana fita ba, sai ya zuba komai bai ajiye ko kaɗan don gobe ba. Shekarun da take zuwa su ma suna taya ta. Masu nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye abubuwa, irin su David Rubin na Jami'ar Duke, sun nuna tun shekarun 1980 cewa idan aka sa wanda ya haura 40 ya tuno rayuwarsa, abubuwan da suka faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 su suka fi zuwa masa da yawa. Shi ya sa tsohuwa za ta manta abin da aka gaya mata jiya, amma ta faɗa miki launin rigar da wani yaro ya sa shekara 50 da suka wuce. Duk marubucin da ya taɓa wannan jijiyar zai sami hawaye. Don haka kada ki ɗauki kumburin idonki a matsayin shaidar cewa littafin ya cika. Hayaƙi ma yana sa ido ruwa.

Akwai shafi ɗaya da na tsaya a kansa na daɗe. A babi na 24 sakamakon jarrabawa ya fito, ta ci, ta zabura ta ɗauki waya ta danna lambarsa, sai da na'ura ta ce mata wayar a kashe take sannan ta tuna. Wannan shafin kaɗai ya isa in ce marubuciyar ta taɓa rashi, ko ta zauna kusa da wanda ya yi. Sabo ake yi wa kuka. Kai ya ji labarin mutuwa ya gaskata, amma yatsu ba su ji ba, kunnen da ya saba jiran wani kira a wani lokaci bai ji ba, kowanne sai an sanar da shi daban, kuma kowace sanarwa sabuwar mutuwa ce. Da ta riƙe wannan sanin har ƙarshen littafin, da ba ki rubuto min ba.

Tsagar ta fara ne tun saurayin yana raye. Koma ki duba: babi 22 bai taɓa saɓa alkawari ba, bai taɓa makara ba, bai taɓa faɗin maganar da ta ɓata mata rai ba, ko kishin banza bai yi ba. Yaro ɗan shekara 19! So hana ganin laifi, wannan uzurin yarinyar ne. Marubuciya ba ta da shi, ita aikinta ta gani. Na san abin da ke sa masu rubutu haka, na ci karo da shi ba adadi: sun san za su kashe shi, sai su yi ta goge shi yana ƙyalli don mutuwar ta fi zafi. Ba sa lura cewa sun ƙwace wa jimamin kayan aikinsa. Wanda ya yi rashi na gaske ba kewa kaɗai yake fama da ita ba. Akwai faɗan da ba a shirya ba kafin a rabu. Akwai kiran da aka ƙi ɗauka don ana fushi. Akwai haushin mamacin kansa, me ya kai shi gudu a hanya, me ya hana shi jin magana, sannan kunyar samun kai ana jin haushin wanda ke kabari. Waɗannan ne masu hana barci. Idan mamaci ba shi da aibu, babu abin da ya rage sai kuka, kuma kuka zalla har babi biyar yana gundura ko da mai karatu yana taya yi.

Mutuwa ma da kanta ta riga ta yi masa wannan gatan, ba sai an ƙara ba. Soyayyar da aka yanke tana kan ganiyarta ba ta kai inda ake gwada ta ba. Ba ta ga ranar babu ba, ba ta ga gajiya ba, ba ta ga daren da za a zauna a rasa abin faɗa ba. Shi zai dawwama ɗan shekara 19 yana murmushi, duk wanda ya biyo bayansa kuwa da hoto yake kokawa. Labari mai zurfi yakan bar jarumar ta gano wannan da kanta wata rana, ta ce a ranta: ashe ban gama saninsa ba, ashe rabin abin da nake kewa ni ce a lokacin da nake tare da shi. Wannan ganowar tana da ciwo, kuma ita ce take buɗe ƙofar gaba. A littafin nan ba ta zo ba.

Babi biyar na jimamin kuma, da na karanta, tsani na gani. A na 24 ba ta yarda ba, a na 25 tana fushi, a na 26 tana ta "da ma" da "da na sani", a na 27 ta kwanta ta daina magana, a na 28 ta tashi ta wanke fuska. Ban zarge ta da kwafa ba, wannan jerin ya riga ya shiga ruwan da kowa ke sha. Asalinsa daga Elisabeth Kübler-Ross ne, likitar ƙwaƙwalwa 'yar asalin Suwizalan da ta yi aiki a Shikago, wadda a 1969 ta fitar da littafi mai matakai biyar: ƙin yarda, fushi, neman ciniki da ƙaddara, ƙunci, sai amincewa. Abin da aka cika mantawa shi ne da majinyata masu jiran tasu mutuwar ta zauna, ba da waɗanda aka mutu aka bari ba. Ita kanta daga baya ta ce ba ta nufin mutum yana taka su ɗaya bayan ɗaya kamar matattakala. Amma jerin ya yi wa masu labari daɗi, don yana da farko yana da ƙarshe, kuma biyar ya yi daidai da a raba babi-babi.

Abin da masu nazarin rashi suka fi gani dabam ne. Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan sun bayyana shi a 1999 da cewa mai jimami kai-kawo yake yi tsakanin fuskantar rashin da fuskantar rayuwa. Da asuba tana kuka, da rana ƙanwarta ta faɗi wani abu ta tuntsire da dariya, sai dariyar ta ba ta tsoro. Wata uku lafiya lau, sai ƙamshin wani turare a cikin mota ya mayar da ita ranar farko. Wannan hutun da zuciya ke ɗauka tana dawowa, da shi ake iya ɗaukar kayan. George Bonanno na Jami'ar Columbia shi da abokan aikinsa, a wani nazari da suka fitar a 2002, sun bi tsofaffin ma'aurata tun kafin ɗaya ya rasu har wata 18 bayan rasuwar, suka tarar kusan rabinsu sun ci gaba da tafiyar da rayuwarsu ba tare da sun durƙushe ba, kuma ba don ba sa son mamacin ba. A littafin nan yarinyar ba ta yi murmushi ko sau ɗaya ba bayan wancan kiran har zuwa babi na 28, daga na 29 kuma ba ta ƙara zubar da hawaye ba. Famfo ne, aka buɗe aka rufe. Jikinki ya san ba haka ake yi ba tun kafin ki ji sunan waɗannan masanan.

Yanzu ga inda aka cuce ki, wato wutar babi na 30.

Marubuciyar ta shafe babi 22 tana roƙonki ki so yaron nan. Kin amsa. Wasiƙun nan da ke aka karanta su, kin san wadda ya rubuta da jan alƙalami don nasa ya ƙare, kin san wadda ruwan sama ya jiƙa. Sai a shafi biyu ta ce miki hanyar warkewa ita ce a mayar da su toka, kuma ki yi tafi. Dole ki ji an yi wasa da ke. An ranci zuciyarki aka zuba a kan mutum, sannan aka ce mutumin matsala ne da ya kamata a kawar.

Wannan tunanin, cewa sai an yanke igiya tsakanin mai rai da mamaci sannan a warke, yana da tarihi. Sigmund Freud, shahararren likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Ostiriya, ya faɗa a wani rubutu da ya fitar a 1917 cewa aikin mai makoki shi ne ya zare son da ya ɗora a kan mamaci, zare bayan zare, har zuciya ta kuɓuta ta iya kama wani. Likitoci suka riƙe wannan shekaru da dama. A farkon 1920 'yarsa Sophie ta rasu da muguwar murar da ta game duniya a lokacin, tana da shekara 26. Shekara tara bayan haka ya rubuta wa abokinsa Ludwig Binswanger, wanda shi ma ya rasa ɗansa, cewa zafin zai lafa amma ba za a sami madadi ba, duk abin da ya cike gurbin zai kasance wani abu ne dabam, kuma haka ya kamata, don ta nan ne son yake ɗorewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai a 1996 wasu masana, Dennis Klass da Phyllis Silverman da Steven Nickman, suka tattara nazarce-nazarce a kan iyayen da suka rasa 'ya'ya, da yaran da suka rasa iyaye, da matan da mazansu suka rasu, suka nuna cewa mutane da yawa ba sa yanke igiyar, canja mata kama suke. Suna ajiye wani abu nasa, suna tambayar kansu "da yana nan me zai ce?", suna ba jikoki labarinsa, kuma suna cikin ƙoshin lafiya.

Wanda ya san tarihin Manzon Allah (SAW) ba zai yi mamakin wannan ba. Nana Khadija ta rasu kimanin shekara uku kafin Hijira, bayan zaman shekara 25. Ya yi aure bayanta, ya so, ya gina al'umma. Duk da haka Nana A'isha ta ce ba ta yi kishin wata cikin matansa kamar yadda ta yi kishin Khadija ba, alhali ba ta taɓa ganinta ba, saboda yawan ambatonta da yake yi, har yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta. Wata rana Hala, 'yar'uwar Khadija, ta nemi izinin shiga, ya ji irin neman izinin Khadija a muryarta, jikinsa ya motsa. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan. Ki duba yadda abin ya zo: ta murya a bakin ƙofa, bayan shekaru, a tsakiyar rayuwa mai cike da wasu mutane. Duk mai son rubuta jimami ya zauna da wannan ruwayar ya koyi sana'a.

Muna da kalmar da ta fi "sakewa" dacewa da abin da ake nema, wato dangana. Ita muke faɗa idan an jingina sanda da bango: an dangana ta. Ba a karya ta ba, ba a jefar ba, an dai sauke ta daga hannu an ba wani abu mai ƙarfi ya riƙe, don hannun ya sami damar yin wani aiki. Idan aka ce wa wanda ya yi rashi Allah ya ba shi dangana, babu mai nufin Allah ya mantar da shi. Marubuciyar ta rubuta mantuwa ta sa mata rigar dangana, ke kuma kika gane ɗinkin.

Kada ki fahimce ni a kan cewa ƙona wasiƙa haramun ne a labari. Akwai mutanen da sai sun raba kansu da kayan mamaci suke samun numfashi, kuma riƙo ma yana da nasa ciwon idan ya zama ɗakin da aka kulle aka hana ƙura sauka. Da an nuna mana wasiƙun sun zame mata sarƙa, tana karanta su kullum ta daina fita, da wutar ta sami dalili. Ba a nuna ba. An kunna ta ne don babi na 30 yana bukatar abin kallo.

Namiji na biyun ma an zalunce shi. Babi ɗaya aka ba shi, ba mu san abin da ke ba shi dariya ba, ba mu san tsoronsa ba. Haƙuri kawai yake da shi da mota. Magani ne aka rubuta mata a takarda, ta sha ta warke. Ina ma an bar shi ya ji kishin mamaci, ya ji kunyar kishin, ya rasa wanda zai gaya wa. A nan labari yake, an wuce shi da gudu.

Akwai kuma wata taska da marubuciyar ta taka ta wuce ba ta tona ba, ita ta fi ba ni takaici a matsayina na mai tacewa. Yarinyar nan ba matarsa ba ce, ba 'yar'uwarsa ba ce. A ranar rasuwar uwarsa ake riƙewa, 'yan'uwansa ake yi wa gaisuwa, ita kuma ba ta da wurin zama, ba ta da sunan da za a kira ta da shi. Bayan mako biyu ana tsammanin ta koma makaranta, wani ma zai ce ai Allah ya taimake ta da ba a yi auren ba. Kenneth Doka, masanin nazarin rashi a Amurka, ya ba wannan suna a 1989: baƙin cikin da jama'a ba su ba shi izini ba. Shi ne na budurwa, da na matar da aka saka, da na wadda ta yi ɓari. Ciwo biyu ne, rashin da kuma ɓoye shi. Littafin ya ba wannan layi uku kacal.

To, idan an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Ga tambayar da nake so ki yi wa kanki ke kaɗai: da ba ta ƙona komai ba, da an ba ta shekara biyar, da an rubuta na biyun da kyau, ta aure shi tana murna, shin haushin zai tafi duka? Idan kin ji akwai saura, wannan sauran naki ne. Mu masu karatun soyayya an rene mu da wani ma'auni mai tsauri: girman so shi ne girman halakar da ya jawo. Labarin Ƙais ɗan Mulawwah na ƙabilar Banu Amir, wanda aka fi sani da Majnun, masoyin Laila, tun ƙarni na 7 yake yawo a bakunan Larabawa, Nizami ya tsara shi da Farisanci a 1188, kuma a can ɗin a kan kabarin Laila ya ƙare. Shekaru ɗaruruwa muna jin daɗin wannan, har muka saba ganin duk wanda ya rayu bayan masoyinsa kamar ya rage mudu. Ki tuna shekarar yarinyar nan 17. Abin da wani sashe na zuciyarki ke nema shi ne ta yi shekara 60 tana gadin kabari don ke ki rufe littafi da gamsuwa. Da ƙanwarki ce ba za ki so mata haka ba.

Abin da muke yaba wa a takarda, a rayuwa ciwo ne mai suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jimami mai tsawaita cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022, idan bege da ƙunci suka hana mutum tafiyar da rayuwarsa aƙalla wata shida bayan rashin, fiye da abin da jama'arsa suka saba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa nata a Maris na shekarar, ita wata 12 ta ƙayyade ga manya. Ummu Salama, da mijinta ya rasu, cewa ta yi wane Musulmi ne ya fi Abu Salama. Da gaske take, kuma ta sake aure, kuma babu wanda ya ce ta ci amanarsa. Don haka auren babi na 30 ba shi ne laifin ba. Marubuciyar ta kai yarinyar inda ya kamata ta je, ta hanyar da ba ta ɓullewa ta bi da ita.

Da rubutun ya biyo ta hannuna kafin ɗab'i, da na ce ta yanke babi shida daga soyayyar ta ba wa bayan mutuwar. Da na ce ta sa su yi faɗa a babi na 21, faɗa na rashin hankali irin na yara, kada su shirya sosai. Wasiƙun kuwa su zauna a ƙasan akwati. Shekaru su wuce, wata rana tana neman wata takarda ta ci karo da su, ta karanta ɗaya a tsaye, ta ga kuskuren rubutun da ba ta taɓa lura da shi ba, ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa, yaro ya yi kuka a ɗaya ɗakin, ta mayar ta rufe ta tafi. Ba sai ta yi jawabi ba. Da kin yi kukan da ya fi wanda kika yi, amma da kin yi barci.

Ƙawayenki kuma ki bar su da yabonsu. Rabin farko suke yaba wa, kuma ya cancanta.

Batun ƙawarki shi ne ya fi duk abin da na faɗa nauyi. Kada ki ba ta littafin nan a matsayin magani. Ita ce yarinyar da ba ta da wurin zama a ranar rasuwa, kuma shekara ɗaya ba wani nisa ba ne. Idan ta karanta ta ga wata ta gama nata a babi biyar ta kunna ashana, abin da za ta ji shi ne kin turo mata saƙo a fakaice cewa ta daɗe, ya isa. Na tabbata masu gaya mata haka sun riga sun yi mata yawa. In ta gan shi a hannunki ta tambaya, gaya mata abin da ke ciki ba ɓoye-ɓoye, har da wutar, ki bar ta ta zaɓa. Akwai masu rashi da suke neman irin waɗannan labaran da kansu don su sami inda za su yi kukan da aka hana su, wannan nata ne ta yanke. Idan kuma kin ga har yanzu ba ta barci, ta janye daga mutane, ta bar karatu ko aiki, ko tana maganar gara ta bi shi, wannan ya wuce littafi, ki taimaka ta ga likita ko mai ba da shawara, kada ki jira.

In ba haka ba, je ki wurinta hannu sake. Ki ambaci sunansa, don wataƙila ta yi watanni ba ta ji wani ya furta shi a gabanta ba, kowa yana tsoron tayar mata da hankali. Ki tambaye ta wane hali nasa ne yake ba ta haushi lokacin yana raye. Za ki ga ta yi shiru, ta dube ki, sannan ta fara ba ki labari.